Turmin da Inna ta Fasa

Mutane na cewa na cika faɗa tun da na tsufa. Jikokina in sun hango ni tafe da sandata sai su ce ga hadari ya taso, kowa ya kwashe shanyarsa. To, su faɗa. Wanda ya ga abin da na gani a azumin da ya wuce, in bai yi faɗa ba, zuciyarsa ce ta riga shi mutuwa. Abin da aka yi wa maƙwabciyata a garin nan da sunan sadaka, da sunan addini, a zamaninmu ko maƙiyi ba a yi masa. Kuma wanda ya aikata ba bare ba ne, ɗan da na haifa ne da cikina, autana. Amma ba za a ji zafin abin yadda nake jinsa ba sai na koma baya, lokacin da muke da yunwa amma muna da kunya.

Garinmu yana bayan Buza, a gindin dutse, fadama a ƙasa, gonakin hatsi a kan tudu. Daga wajen Karofane aka kawo ni amarya, ina da ƙarfina da rawar kaina. A wancan lokaci ba zakara ke tada gari ba, taɓarya ce. Liman na sallame sallar asuba, sai ka ji gida ɗaya ya ɗauka, wani ya amsa, kafin rana ta leƙo bayan dutse gari duk ya kama. Kuma kowane daka da muryarsa. Sussuka daban, surfe daban, kirɓin fura daban, mai nauyi, kamar ana taka laka. 'Yan mata su haɗu uku a turmi ɗaya suna lugude, suna cilla taɓarya sama suna tafi kafin ta dawo. Tsofaffi kuwa daga cikin ɗaki suke sanin labarin gari. Su san gidan da aka yi baƙi, domin dakan ya yi tsawo. Su san matar da ta kwana da fushin miji, domin turmi ne ke shan dukan. Su san wadda ciki ya fara yi wa nauyi. Ba wanda ke zuwa ya tambaye ka yaya gidanka ya kwana da abinci, wannan rashin kunya ne. Kunne ke tambaya, turmi ke ba da amsa.

Uwar mijina, wadda nake kira Inna, gajeriyar mace ce mai kaifin kunne da kaifin harshe. Ba ta yi karatu mai nisa ba, iyakarta surorin salla da abin da take tsinta daga bakin malamai in ana tafsiri a ƙofar masallaci, ita tana bayan danga. Amma abin da ta tsinta ba ta yar da shi. Kullum tana faɗa mana cewa malamai sun ce Mala'ika bai gushe ba yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado, kuma wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa Allah zai rufa nasa ranar da babu zane. In ta ji ɗayanmu ya buɗe baki zai ba da labarin gidan wani, sai ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tana da wani turmi na kirya da ta gada wurin uwarta, baƙi wulik, ya sha hannu har yana sheƙi. Ko jikanta ba ta bari ya zauna a kansa.

Gabas da mu, danga ɗaya ta raba, akwai wata mace sa'ata. Ta-gabas nake ce mata, ita kuma tana ce mini mai hannun lalle, wai dakana ba ya ko firgita kaza. Ta riga ni aure, tana da yara ƙanana, ba uwar miji a gidan, ba kowa sai ita da maigidanta. Su mutane ne da kakanninsu suka yi zama ƙarƙashin Abzinawa, suna noma wasu na kwashewa. Da Allah ya raba su da wannan zama, sai suka zo suka sari gona a kan dutse, inda ba wanda ke so, suka tsince duwatsu da hannu har ta zama gona. Saboda haka mijinta yake da wata irin zuciya. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa gara ya ci 'ya'yan anza, abincin yunwa, da ɗacinsu har ya mutu da ya sake tsayawa gaban wani mutum hannu a shimfiɗe. Akwai masu ƙazamin baki a garin da ke tuna musu asali in rigima ta tashi a bakin rijiya. Inna in ta ji, sai ta tambayi mai maganar ko shi nasa kakan da zinariya aka gina shi, ba da ƙasa ba.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, hatsin kan dutse ya ƙone tun bai yi kai ba. Mu Allah ya rufa mana asiri da dawar fadama. Aka ci rani da ƙyar, damina ta sake faɗuwa, lokacin da rumbu ke ƙara in ka buga shi, sabon hatsi kuwa bai wuce gwiwa ba. Wannan shi ne lokacin da ake gane mutane. Amma gidan Ta-gabas kullum da safe taɓarya na tashi kamar kowane gida, har ta fi tamu sammako. Ni har ina cewa a raina ashe suna da ajiya.

Wata safiya ina tsaye zan fara surfe, Inna ta riƙe mini taɓarya. Ta karkata kai wajen danga, ta daɗe tana saurare. Ta ce da ni, "Ke ɗiyata, mi kinka ji?" Na ce daka na ji, Ta-gabas ce. Ta girgiza kai ta ce, "Wanga turmi babu hatsi cikinai. Ƙaiƙayi na ta ka daka, don gari shi ji."

Na sake saurarawa, sai na ji abin da take nufi. Hatsi yana riƙe taɓarya, yana ba ta nauyi. Wannan kuwa ƙara ce kawai, busasshiya, itace na dukan itace. Yarinyar nan tana tashi da asuba da cikinta wayam, tana zuba ƙarfin da ba ta da shi a kan ƙaiƙayi, don kada a ce gidan mijinta ba a daka. Hawaye suka cika mini ido. Na ce bari in ɗebi hatsi a ƙwarya in miƙa mata ta kan danga. Inna ta dube ni kamar na ce bari in je in mare ta. Ta ce in na yi haka na kashe mijin a tsaye, kuma hatsin zai dawo mana kafin in juya baya, daga nan ko wuta ba za su sake ɗiba a gidanmu ba. Na ce to mu ce turminmu ya lalace, mu je mu yi daka can. Ta ce dabarar ta yi, amma ita ba ta fara alheri da ƙarya.

Ta shiga bayan ɗaki ta fito da gatari. Ban gane ba sai da na ga ta kwantar da turmin nan na uwarta. Kirya ba ta jin sara, ta yi ta bugu tana haki, ta kafa tsinken ƙarfe a wata 'yar tsaga ta bi ta da dutse, har turmin ya buɗe biyu. Na tsaya baki sake. Ta share zufa da bakin zane ta ce, "Yanzu in kin ce turminmu ya hwashe ba ki yi ƙarya ba. Ɗauki hatsin ki tahi ki roƙe ta. Roƙo nic ce, ba aike ba. Ki durƙusa."

A garinmu akwai al'ada, wanda ya yi daka a turmin mutane ba ya kwashewa ƙarƙaf. Dole ya bar cikin hannu a gindin turmin, shi ne haƙƙin turmi, kuma ba kyauta ba ce, mai turmi bai gode maka. In ma ka manta ka share tas, kai za a zaga da rowa. A kan wannan Inna ta dogara. Ta auna mini abin da ya fi na gidanmu nesa. Na zagaya na yi sallama, na durƙusa gaban sa'ata da nake tsokana kullum, na ce don Allah ta taimake mu da turmi, namu ya fashe. Ta yi sauri ta kife faifai a kan ƙaiƙayin, ni kuma na kafa ido a kan wata kaza kamar ban taɓa ganin kaza ba. Muka yi dakan tare. Da aka gama na bar haƙƙin turmi, sai dai cikin hannun nawa ya yi kama da na ƙato. Washegari Inna ta ƙara wani roƙon, wai amaryarta ba ta iya kirɓi ba, furata tana shaƙe ta, Ta-gabas ta taimaka ta riƙa yi mana. Mai kirɓa fura kuwa kowa ya san tana da rabonta. Na ji haushin wannan sharri, don furata ba ta taɓa shaƙe kowa ba, amma na haɗiye.

Da uban mijina ya dawo daga gona ya ga turmi a rabe, ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aika. Inna ta ce ita ce. Ya dubi turmin, ya dubi dangar gabas. Can ya ce ai masassaƙi ba ya samun sukuni sai kaka, sai mu yi ta haƙuri da roƙon na maƙwabta. Haka muka ci wannan damina. Kullum mu ne masu sallama, mu ne masu durƙuso, mu ne masu cewa mun gode, Allah ya bar zumunci. Mijin Ta-gabas yana wucewa masallaci da kansa a sama, har yakan ce da uban mijina kada su ji komai, turmi ai na kowa ne. Ita ta sani, mu mun sani, wataƙila shi ma ya sani. Har Inna ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa furta kalma ɗaya a kan wannan magana.

Shekaru suka tura. Aka yi shekarar fara, ta sauka a fadama ta bar mana kara tsirara, kan dutse kuwa ta tsallake. Mijina ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, bakin teku, labari ya yanke. Ina goye da autana, nonona ya ƙafe, yaron yana tsotsa yana kuka har muryarsa ta dishe. Ni ban daka ƙaiƙayi ba, ƙarfin ma babu. Wata safiya sai na ji sallama. Ta-gabas ce da ƙwarya a ka, ta durƙusa a gabana tana roƙon in taimake ta da turmi, nata ya fashe. Na leƙa ta kan danga daga baya, na gan shi a rabe biyu a gindin rumbu. Da hatsinta nonona ya dawo. Ƙashin bayan yaron nan da kunun matar nan aka gina shi.

Yanzu fa? Yanzu injin niƙa ne ke kuka daga safe har yamma, kukan gidan mai ƙoshi da na mai yunwa duk ɗaya. Danga ta zama katangar siminti da ƙofar ƙarfe, maƙwabcinka zai kwana uku bai ɗora tukunya ba kai kana kallon bidiyo. Ban ce zamanin da duk alheri ba ne, mun binne yara da yawa da yanzu likita ke tayarwa, kuma bayana bai manta taɓarya ba. Karatu ma yaran yanzu sun fi mu, ko kusa. Wa'azi a lasifika, wa'azi a salula, yaro ƙarami zai gyara maka alwala ya kawo maka hujja da Larabci. Amma shi wannan yaron zai wuce dattijo a hanya da igiyar salula toshe a kunne, ko sannu babu. Sun haddace sunan abin, abin kansa ya sulale musu. Mu da ba mu san ƙirgen hadisai ba an koya mana cewa sakin fuska sadaka ne, kuma sadakar da aka bi da gori ta zama toka. Su sun san ayar da lambarta, sai su karanta ta su ɗora hoton wanda suka ba a ƙarƙashi.

Autana ya tafi biɗa tun yana saurayi, ya shiga fataucin albasa daga Madawa zuwa bakin teku, Allah ya buɗa masa. Ya je Makka, ya kai ni, ya gina mini ɗaki. Ba mugu ba ne, wannan ne ma ke ƙara mini takaici, da mugu ne da na san inda zan ajiye shi. Ta-gabas kuwa duniya ta juya mata baya. Mijinta ya rasu, ɗanta namiji ya tsallaka hamada neman aiki, sai a daɗe ba a ji shi ba, ya bar mata jikoki marayun uwa. Gonar dutse ta gaji. Na san halin da take ciki sarai, kuma ina yin abin da aka koya mini. Nakan kai mata hatsi in ce furar inji ba ta bin cikina, ta taimaka ta dama mini irin tata. Ta zage ni ta ce har na tsufa ban iya komai ba, in rama, mu yi dariya. Ba ƙoshi suke yi ba, amma tana fita suna da biki da mayafinta wankakke, ana tashi a ba ta tabarma.

Da azumi ya kama, autana ya zo da mota cike da buhunan shinkafa da sukari da mai, shi da abokan kasuwancinsa suka haɗa. Na yi murna, na sa masa albarka. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujeru, aka kawo lasifika. Tun daga nan murnata ta fara gushewa. Mutane suka yi layi a rana da bakin azumi, ana kiran suna, mutum ya fito ya riƙe kunnen buhu, Alhaji, wato autana, ya riƙe ɗaya, a tsaya sai an ɗauki hoto. Na ga dattawan da suka yi sa'a da ubansa suna sunkuyar da kai ana ce musu su ɗago. Na koma ɗaki na ja labule. Abin da ya kwantar mini da hankali kaɗai shi ne na san Ta-gabas ba za ta taka wurin ba ko za ta mutu.

Ashe ba ta zo ba, su suka je. Abokansa suka ce suna son a nuna wanda ya fi kowa bukata a garin, wani mai dogon baki ya nuna musu gidanta. Ina sallar la'asar suka shiga, maza ƙarti, sallamar ma a tsakar gida suka yi ta. Suka same ta da ɗaurin ƙirji tana tsince ganyen tafasa. Kafin ta lalubo mayafi salula na kanta. Ɗaya ya hau ya buɗe rumbunta ya haska ciki, yana bayani da murya mai tausayi cewa jama'a ku duba, ko ƙwaya babu. Ya buɗe tukunya ya nuna. Ya tara jikokin ya nuna ƙafafunsu. Sannan aka dire buhu a gabanta, ɗana ya tsaya a kai da farar riga, aka ce ta yi wa Alhaji addu'a da ƙarfi don a ji. Da muryarta ta yi ƙasa, aka ce ta sake. Kafin a sha ruwa abin ya gama salular garin. Jikata ce ta kawo mini tana murna, wai in ga Baba a bidiyo.

Ban iya buɗa baki da komai ba sai ruwa. Na aika aka kira shi, na kori kowa daga ɗakin. Ya shigo fuska a sake yana jiran albarka. Na tambaye shi wa ya ba shi izinin buɗe rumbun mutane. Ya yi mamaki ƙwarai. Ya ce, "Inna, don mutane su gani su yi koyi na. Kuma waɗanda sunka sa hannu cikin sadakar ga suna son su ga inda tat tahi." Na ce in suna son gani su zo su duba cikin masai. Na ce Allahn da ya yi dominsa makaho ne da sai an haska masa? Na tambaye shi malamin da ya karantar da shi cewa hannun hagu kada ya san abin da dama ta bayar, shin ya ce ban da salula? Ya fara kawo mini cewa malamai sun halatta bayyana sadaka. Na ce sun halatta ka bayyana taka sadakar, ba su halatta ka bayyana tsiraicin wani ba. Ka nuna buhunka in kana so, wa ya ce ka nuna tukunyarta?

Daga nan na yi abin da Inna, uwar mijina, ba ta taɓa yi ba, na fasa maganar. Na ba shi labarin turmi biyu, nata da namu. Na ce matar da ka tsayar tana yi maka addu'a sau biyu don murya ta fita, ita ta durƙusa a gabana tana roƙo, don kawai in karɓi hatsin da ya raya ka ban ji kunya ba. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya ce me ya sa ba a taɓa gaya masa ba. Na ce don ba abin faɗa ba ne, abin gani ne a yi, kuma ka girma kana gani. Ya ce zai sa a goge. Ya yi ta kiran mutane har muryarsa ta shaƙe. Amma magana zarar bunu ce, balle wannan da ke da fiffike. Bidiyon ya riga ya kai Madawa, ya kai Tawa, ya tsallaka hamada ya sami ɗan Ta-gabas a inda yake leburanci.

Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Sai da na yi kwanaki kafin na iya zagayawa gidanta. Ta daina fita, ko rijiya jikoki take aikawa, su ma yara na bin su suna kwaikwayon addu'ar kakarsu. Na same ta a ɗaki, buhun na jingine a lungu an ci kusan rabi. Ta shimfiɗa mini tabarma, abin da ba ta taɓa yi ba, da can sai dai ta ce in nemi wuri in zauna ba baƙuwa ba ce ni. Ta ga ina kallon buhun, sai ta ce, "Mun ci. Ɗiyan ga sun ci sun ƙoshi. Shi na abin da ka ci mini rai. Da ina da halin maida shinkafar ga, da ta kwana ƙohwar gidanku." Ban taɓa jin na tsani abinci ba sai ranar.

Autana ya je da kansa, shi kaɗai, ya tsaya a waje ya yi sallama har aka ba shi izini, ya cire takalmi ya durƙusa ya nemi gafara. Ta yafe masa nan take, ta ce ai yaro ne, alheri ya nufa, ta sa masa albarka. Ya dawo yana ganin an gama. Ni da na san ta na san ba a gama ba. Yafiya tana wanke wanda ya yi laifi, ba ta mayar wa mutum da mayafin da aka yaye masa a kasuwa. Bayan salla ta ce za ta koma wurin 'yarta da ke aure a wani ƙauye wajen Azarori, ita da jikokin, inda ba a san ta ba. Na roƙe ta, na yi faɗa, na ce sa'o'inmu duk sun ƙare, in ta tafi da wa zan yi zagi. Ta ce ba za ta iya zama a garin da kowa ya ga cikin rumbunta ba. Ranar kasuwa aka ɗora ƙullin kayanta a mota. Ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata, ni da ɗana ya kore ta daga gidan da ta tsufa a ciki.

Wata matar garinmu da suka shiga mota ɗaya ita ta ba ni sauran labarin da ta dawo. Ta ce sun wuce rabin hanya aka tsaya aka ɗauki wata mata mai jakar hannu, baƙuwa, ba wanda ya san ta. Ta zauna tana ta kallon Ta-gabas. Can ta dafa ta ta ce, cikin tausayi, kowa na ji, "Inna, ba ke ta ba tsohuwar cikin salula, mai rumbu? Wallahi kin sa ni kuka." Ta buɗe jaka ta ciro kuɗi ta miƙa mata. Matar garinmu ta ce ta zaci Ta-gabas za ta ture. Sai ta ɗaga hannu biyu ta karɓa, ta yi wa matar addu'a. Da suka sauka a tasha matar garinmu ta tambaye ta don me ta karɓa. Ta-gabas ta ce baƙuwar da zuciya ɗaya ta bayar, in ta ƙi, ta kunyata ta gaban mutane.